Ruwan da Likita Ke Ƙarawa Cikin Maganin Shaƙa Ba Algus Ba Ne



Ga hunturu ya sauka ƙasar Dendi. Tun daga watan Nuwamba har zuwa Fabrairu iska takan kwaso ƙura ta lulluɓe Gaya, har wanda ya tsaya bakin kogi da safe da ƙyar yake hango Malanbil a tsallake. Wannan lokaci shi ne kuma na sussukar gero da bugun shinkafa da shiƙa. Shi ne na ƙona karmami a gonaki, da hura wuta cikin ɗaki don jin ɗumi. Ƙura da hayaƙi da sanyi kuwa, duk ukun abokan gaba ne ga mai ciwon ƙirji.

Abin da ya jawo darasinmu na yau, wata magana ce da muka ji a rangadinmu na cibiyoyin yaƙi da jahilci. Mun isa wani ƙauye, an gama darasin karatu, sai wani magidanci daga cikin ɗalibai ya ɗaga hannu ya ce:

"Malam, ina da magana, amma ba ta karatu ba ce."

Muka ce, "Bismilla, muna jin ka."

Ya ce ƴarsa mai shekara 4 ce numfashi ya sarƙe mata cikin dare. Ya ɗauke ta bisa babur, uwarta na riƙe da ita, suka kai ta asibiti. Aka kawo wani inji mai fitar da abu kamar hayaƙi. "Da idona na gani, Malam. Likita ya zuƙo magani ɗan mitsitsi da sirinji, sa'an nan ya fasa wata ƴar kwalba ya zuba ruwa da yawa a kai. Ashe algus ɗin da ake yi wa nono a kasuwa ya iso asibiti?"

Muka tambaye shi, "To, yarinya ta samu sauƙi?"

Ya ce, "Ta samu, alhamdu lillahi. Kafin asuba ma ta yi barci."

Aji ya fashe da dariya. Amma da ya ƙarasa maganarsa dariya ta tsaya. Ya ce ya yanke shawara, in ya je kasuwar Kamba zai nemo irin wannan inji ya ajiye a gida, ya riƙa zuba mata magani zalla. In kuma dole sai an sa ruwan gishiri, ai yana da rijiya, yana kuma da gishirin Foga.

Wannan magidanci ba mugu ba ne, ƴarsa yake so. Amma shawarar tasa tana iya jefa yarinyar cikin haɗari. Don haka muka nemi bayani wurin ma'aikatan lafiya, muka duba littattafansu, ga kuma abin da ya kamata kowane mai iyali ya sani.

Abin da ke faruwa cikin ƙirji

Ciwon da ke damun yarinyar shi ne asma, wanda wasu ke kira fuka. Kada a haɗa shi da tarin fuka, wato tibi. Tibi ƙwayar cuta ke kawo shi, ana kuma ɗaukarsa daga wani. Asma ba a ɗaukarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 262 ke fama da shi a duniya, ya kuma kashe mutum dubu 455 a wannan shekara.

Hanyoyin iska cikin huhu kamar itace suke wanda aka juya kansa ƙasa. Maƙogwaro shi ne gindin. Ya rabu biyu, kowane ɓangare ya yi rassa, rassan su ma su yi ƙananan rassa, har su koma sirara kamar zare. Idan ciwon ya tashi, naman da ke kewaye da waɗannan hanyoyi yakan ɗaure tamau, cikinsu ya kumbura, majina mai kauri ta taru. Iska ta rasa wurin wucewa. Shi ne za a ji ƙirjin yaro yana ƙara kamar mai fito.

Maganin da ake fara ba shi sunansa salbutamol. Da yawa sun fi saninsa da sunan kasuwa, Ventoline. A Ingila aka fara sayar da shi a shekarar 1969. Aikinsa shi ne kwance wannan nama da ya ɗaure. Idan aka sha ƙwayarsa ko ruwansa, sai ya bi ciki ya shiga jini kafin ya kai huhu, ya daɗe bai yi aiki ba. Idan aka shaƙe shi kuwa, kai tsaye yake sauka inda ciwon yake, cikin ƴan mintoci a ga sauƙi.

Injin da aka sa wa yarinyar, ma'aikatan lafiya na ce masa nebiliza. Mu za mu kira shi injin shaƙa. Yana da abin hura iska, da siririn tiyo, da ɗan kofi mai murfi inda ake zuba magani, da takunkumin roba da ke rufe hanci da baki. Iska mai ƙarfi takan bugi ruwan da ke cikin kofin ta farfasa shi ya zama feshi. Kowane ɗigo na feshin ya fi kaurin gashin kai ƙanƙanta sau goma ko fiye, don haka yake iya kutsawa har cikin ƙananan rassa.

Wasu na ce masa suracen asibiti. Akwai kama, amma ba ɗaya ba ne. Surace tururin ruwan zafi ne. Abin da ke fita daga injin shaƙa kuwa ba tururi ba ne, ba hayaƙi ba ne, ba shi da zafi. Ruwan ne da kansa, da duk abin da ke cikinsa, yake shiga huhu. A riƙe wannan, don za mu komo kansa.

Me ya sa ake ƙara ruwa?

Manomi ba ya bukatar dogon bayani a nan. Idan za mu yi wa wake feshi, muna auna maganin ƙwari da murfin kwalba, mu zuba cikin famfo, mu cika da ruwa. Ba wanda ya taɓa cewa mun yi wa maganin algus. Murfi ɗaya ba ya isa ya jiƙa ko kunya guda. Ruwa shi ke ɗaukar maganin ya kai shi kowane ganye.

Haka abin yake a asibiti. Akwai salbutamol mai ƙarfi da ke zuwa cikin kwalba, kowane mililita 1 yana ɗauke da miligiram 5. Abin da aka saba ba yaron da bai kai shekara 5 ba shi ne miligiram 2 da rabi. Wato rabin mililita ke nan, kimanin ɗigo 10. Injin kuwa ba ya iya shanye duk abin da aka zuba masa. Kullum akan samu saura, wajen rabin mililita zuwa mililita 1, ya maƙale a jikin kofi. To, in an zuba ɗigo 10 kawai, me zai kai ga yaro? Kusan duka zai tsaya a kofin. Shi ya sa likita ke ƙara ruwan gishiri na asibiti har abin ya kai kimanin mililita 4. Duka-duka bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, wanda ke ɗaukar mililita 5.

Ƙarfin maganin da aka auna bai ragu ba. Dunƙulen sukari ɗaya ne, ko a rabin kofin shayi aka jefa shi ko a cikakken kofi. Wanda ya shanye duka ya sha dunƙule ɗaya.

Shi kuwa mai cewa zai cika kofi da magani zalla, ya yi lissafi. Mililita 4 na mai ƙarfin nan miligiram 20 ne, ninki 8 na rabon yarinya mai shekara 4. Ko da daidai aka auna, wannan magani yakan sa hannu ya ɗan yi rawa, zuciya ta yi sauri, abin ya wuce bayan ɗan lokaci. Idan ya yi yawa kuwa yana iya rikita bugun zuciya.

Akwai kuma wani iri da ke zuwa cikin ƙananan robobi, an riga an gauraya shi tun daga masana'anta. Shi wannan, likita na iya matse shi cikin kofi bai ƙara komai ba, ko ya ƙara kaɗan. Saboda haka in ka ga an ƙara ruwa yau, gobe ba a ƙara ba, kada ka ce ɗaya daga cikin likitocin bai san aiki ba. Ka tambaya cikin ladabi, za a nuna maka.

Ba kowane ruwa ba

Nan ne zuciyar darasin. Ruwan da ake ƙarawa ba ruwa ne kawai ba. A kowace lita 1 akwai gishiri giram 9, ba ƙari ba ragi. Wannan awo ya yi daidai da ruwan jikin ɗan Adam, don haka jiki ba ya jin sa baƙo. Irinsa ne ake rataya wa majinyaci a yi masa ƙarin ruwa.

Duk wanda ya yi iyo a kogi yana yaro ya san zafin da ake ji idan ruwa ya shiga hanci. Ruwan kogi ba shi da gishiri, shi ya sa yake yi wa naman hanci zafi. Hawaye kuwa da gishirinsu, amma ba sa yi wa ido zafi. Hanyoyin iska na mai asma sun fi hanci saurin fushi. Idan ya shaƙi feshin ruwa maras gishiri, ko da mai tsabta ne ƙal, yana iya ta da masa tari ya ƙara matse masa ƙirji. Ka ga an je kashe wuta an watsa mata fetur.

Idan gishiri ya yi yawa, nan ma tari ne da matsewar ƙirji. Likitoci ma kan yi amfani da wannan da gangan. Wanda ake zato yana da tibi amma ya kasa fitar da majina don awo, akan ba shi feshin ruwa mai gishiri kashi 3 cikin ɗari ko fiye, don ya yi tari majina ta fito. Ana yin haka ne a asibiti, likita na tsaye, maganin buɗe ƙirji na kusa.

Sai kuma batun tsabta. Ruwan asibiti an kashe duk ƙwayar cutar da ke cikinsa, aka rufe shi ruf. Ruwan rijiya da na kogi da na famfo da na leda duk suna iya ɗaukar ƙwayoyin da ido ba ya gani. Wani zai ce, ai shi muke sha kullum. Gaskiya ne. Amma ciki yana da tsami mai kashe ƙwayoyi da yawa, huhu kuwa ba shi da irin wannan tsami. Inji kuma, kamar yadda muka ce, duk abin da ke cikin kofi yake aikawa har ƙarshen huhu. Yaron da aka kawo da asma sai ya tashi da limoniya.

Gishirin Foga abin alfaharinmu ne. Kakanninmu sun yi fatauci da shi, yana gyara miya, dabbobi na lasa. Amma yana ɗauke da ƙasa da wasu gishirai, kuma ba mai iya auna giram 9 da yatsu uku.

Muna so mu ja kunne musamman kan abu ɗaya, don laifin na iya zama namu. Shekara da shekaru muna koyar da haɗa ruwan gishiri da sukari don yaro mai zawo. Wannan darasi yana nan daram, ya ceci rayuka. Amma wancan ruwan na sha ne, na ciki ne. Sunan ne kawai ya yi kama. Ba a zuba shi cikin injin shaƙa, ko na gida ne ko na ƙunshin asibiti.

Haka nan ba a zuba man zafi, ko man shafawa, ko turare, ko zuma, ko jiƙon ganye, ko ƙwayar da aka daka, ko maganin tari na sha. Mai idan ya shiga huhu ba ya fita da sauƙi, yakan jawo kumburi. Ko magungunan shaƙa ma ba duka ake haɗawa kofi ɗaya ba. Akwai wani mai suna ipratropium da ake haɗawa da salbutamol idan ciwon ya yi tsanani, shi ma sai a kiyaye kada feshinsa ya shiga ido. Wane da wane ke haɗuwa, wannan sanin likita ne.

Ga amfanin karatu

Sau da yawa akan rubuta wa uban yaro takarda ya je kantin magani ya sayo ruwan. Yakan zo cikin ƴan robobi ko kwalabe na mililita 5 ko 10. A jikinsu za a ga an rubuta haka:

NaCl 0,9 %

Haruffan nan huɗu suna nufin gishiri. Lambar kuwa: sifiri, waƙafi, tara. Kayan da suka fito ta Nijeriya sukan sa ɗigo a maimakon waƙafi, 0.9, ma'anar ɗaya ce. A duba da kyau, don akwai kwalabe masu kama da juna kamar tagwaye. Wata an rubuta mata NaCl 10 %, gishirinta ya ninka fiye da sau goma. Wata kuma ruwa ne zalla na narka maganin allura, babu 0,9 a jikinta. Duka biyun ba su ne ake nema ba.

A kuma karanta ranar lalacewa. Idan an ga 08/2027, ana nufin ƙarshen watan 8 na shekarar 2027. Ruwan ya kasance garau. Ƴar robar da aka buɗe, sau ɗaya ake amfani da ita, a zubar da saura. Idan daga babbar kwalba ake ɗiba, da sabon sirinji ake yi, kuma ba a ajiye ta fiye da awa 24 bayan an huda.

Aikin uwa da uba a gefen gado

A zaunar da yaro a miƙe bisa cinyar uwarsa, kada a kwantar da shi. Takunkumi ya manne a fuska. In an riƙe shi nesa, feshin ɗaki yake shiga, ba ƙirji ba. A lallashe shi, don yaro mai tsala kuka magani kaɗan ke kai masa ciki. Abin yakan ɗauki minti 10 zuwa 15, har a ji kofi ya fara tartsatsi feshi ya yanke. Idan ciwon ya yi tsanani akan maimaita bayan kowane minti 20 cikin awa ta farko, a haɗa da iskar oksijin. Kada uba ya ce an gama ya saɓi yaro ya tafi tun ba a sallame shi ba.

Bayan an gama, a wanke wa yaro fuska. Kofi da takunkumi a wanke su da sabulu, a ɗauraye, a bar su su bushe a wuri mai tsabta. Takunkumin wani ba a sa wa wani sai an tsabtace shi yadda asibiti ya tsara. A kuma buɗe tagogi, don tarin da majinyaci ke yi lokacin shaƙa yana iya yaɗa tibi ko mura. An ƙara kula da wannan tun lokacin korona a shekarar 2020.

Inda babu lantarki

Injin shaƙa yana bukatar wuta, ƙauyukanmu da yawa kuwa ba su da ita. Labari mai daɗi shi ne, ga yawancin masu asma ba dole ne sai da inji ba. Salbutamol yana zuwa cikin ɗan gwangwanin fesawa wanda ke shiga aljihu. Matsalarsa ɗaya, yara da tsofaffi ba sa iya haɗa dannawa da jan numfashi lokaci guda. A shekarar 1999 wata likitar yara a Afirka ta Kudu, Dakta Heather Zar, tare da abokan aikinta, suka nuna cewa gorar roba ta rabin lita tana yin aikin da kayan kanti masu tsada ke yi.

Ana wanke gorar da sabulu a bar ta ta bushe da kanta. A huda gindinta daidai bakin gwangwanin, a cusa shi ya matse. Yaro ya kama bakin gora da leɓɓansa. A girgiza, a danna sau ɗaya, ya ja numfashi sau 4 zuwa 6, sa'an nan a sake dannawa. Sau nawa za a danna, likita ne zai faɗa. Ƙaramin yaron da bai iya kama bakin gora ba, sai an haɗa masa da takunkumi. A nan ba a zuba ruwa ko kaɗan. A ganinmu wannan ya fi dacewa da magidancin nan, bisa ga kuɗin da zai kashe kan injin da ba shi da wutar kunna shi.

Amma a sani, salbutamol buɗe hanya kawai yake yi, ba ya kashe kumburin da ke ciki. Wanda ciwon ke yawan tasar masa, ko yake hana shi barci, yana bukatar wani maganin shaƙa na rigakafi, irin su beclometasone. Ya nemi likita ya duba shi. Ranar shiƙa kuma ya tsaya ta inda iska ke fitowa, ya ɗaura ƙyalle a hanci.

Ba kowane sarƙewar numfashi ba ne asma. Limoniya ma tana sa yaro haki, ita kuwa shaƙa ba ta warkar da ita, sai maganin kashe ƙwayoyin cuta. A ƙirga numfashin yaro na minti 1 yana kwance shiru. Jaririn da bai kai wata 2 ba, in ya kai 60 ya yi yawa. Daga wata 2 zuwa wata 11, in ya kai 50. Daga shekara 1 zuwa 5, in ya kai 40. Idan ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa lokacin da ya ja iska, ko ya kasa shan nono, ko leɓɓansa suka sauya launi, ko babba ya kasa ƙarasa magana sai ya tsaya ya huta, to ba a jiran gari ya waye. A kai shi asibiti mafi kusa. Su za su san ko za a tura shi asibitin gunduma a Gaya, ko babban asibitin Dosso.

Da muka koma ƙauyen bayan mako biyu, mun tarar malamin ajin ya sa ɗalibai sun kawo kwalayen magani da babu komai ciki. Magidancin nan ya zo da ƴar robar da ya roƙa a asibiti. Ya ɗaga ta wajen fitila, ya bi da yatsa, ya karanta wa aji: sifiri, waƙafi, tara.

Muna roƙon malaman sauran cibiyoyi su ma su yi haka. Ga kuma aikin lissafi na wannan mako: lita 1 tana da gishiri giram 9. Giram nawa ne cikin kwalbar rabin lita? Idan likita ya zuba magani rabin mililita, mililita nawa na ruwan gishiri zai ƙara don ya kai mililita 4?